Ƙullin Mai Jaki

Ranar da na fara jin ƙarar a Kuala Lumpur, ina zaune a bakin tafkin Titiwangsa da ledar shayi a hannuna. Tun ban ɗaga kai ba na gane shi. Jirgin fasinja muryarsa siririya ce, wannan kuwa daga ƙirji yake gurnani, farfela huɗu, ba ya gaggawa. Ya ratso ta saman dogayen gine-gine, ƙasa-ƙasa, launin toka, da ƙaton ciki kamar saniya ta kusa haihuwa. 'Yata ta ce sojojin ƙasar ne ke gwajin bikin 'yancin kai. Na bi shi da ido har ya ɓace, shayin ya huce a hannuna.

Irin wannan jirgin na yi wa lodi shekara shida a Legas, lokacin yaƙin Laberiya. Ni ba soja ba ne. Lebura ne a rundunar jiragen dakon kaya, cikin farar hula da aka ɗauka don ɗora kaya da saukewa. Yanzu na haura hamsin da biyar. 'Yata ta fari ce ta samu tallafin karatu, tana digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak. Mijinta bai samu barin aiki ba, sai na biyo ta in zauna da ita da yaranta biyu a wani bene a unguwar Taman Melati. Aikina kai yara makaranta da ɗauko su. Sauran yinin nawa ne, kuma a cikinsa na fara koyon boko. Allo na yi kaɗan ina yaro, boko kuwa ban taɓa shiga ba. Wani ɗalibin injiniya daga Gusau ne ke koya mana ranar Asabar da safe a ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu. Mu huɗu ne, duk masu furfura. Ya girme wa 'yata da kaɗan, amma Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Baba.

A rundunar, mu leburori goma sha biyu ne ƙarƙashin wani sajan, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda shi ke da alhakin duk abin da ya shiga cikin jirgi. Da asuba muke isa rumfar jirgi. Har yau in na ji warin kananzir da safe sai in tuna wurin. Akwai wata mata mai shayi da burodi a bayan waya, tana miƙo mana ta ƙasan shinge. Mu sha a tsaye, sannan a buɗe ƙofar bayan jirgi ta sauko ƙasa kamar harshe.

Buhunan shinkafa, garin kwaki, man ja, katan-katan na magani, akwatunan harsashi, tayoyin mota, wani lokaci har motar ɗungurungum. Sajan ba ya yarda a jefa kaya yadda aka ga dama. Yakan ce jirgi kamar sikeli yake. Mai nauyi a tsakiya, daidai ƙarƙashin fukafukai, marar nauyi gaba da baya. In ya yi shakkar buhu, sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya lumshe ido, ya faɗi nauyinsa. Mun sha gwada shi da sikelin gaske don mu kama shi, ba mu taɓa ci ba.

Ana jera kayan a kan faranti na ƙarfe, a rufa musu raga, a ɗaure ragar da ƙugiyoyin daɓen jirgi. Inda bel bai kai ba, igiya ke aiki. A nan sajan ya kafa mana wata al'ada da ban ji ta a wani wuri ba. Cikin mu goma sha biyu, mutum ɗaya ne ya iya rubutu. Wani dogo ne daga kudancin Kaduna da ya gama firamare a makarantar mishan, muna ce masa Akawu. Shi ke sa hannu a takardar kaya a madadin duk wanda ya yi ɗaurin, domin ofis sa hannu yake so. Amma sajan yana so ya san hannun kowa. Sai ya ce, bayan ka yi ƙullin aiki, wanda ya koya mana, mai zagaye biyu da makulli, to ka ƙarasa jelar igiyar da ƙullin gidanku. Wani Banufe ya yi na masunta. Wani Bayarabe ya yi na masu hawan kwakwa. Ni na yi na mahaifina, wanda yake ɗaure taiki a bayan jaki in za shi fataucin kanwa. Zarge ne mai kunne ɗaya, kana fizgar jela kaya sun zube. Daga nan sunana ya koma Mai Jaki.

Sajan yakan bi layin faranti yana taɓa jelar igiya yana cewa, "Wannan na mai kifi ne. Wannan na Mai Jaki. Kai, Mai Jaki, jirgin gwamnati ne fa, ba kasuwar ƙauyenku za mu ba."

"Oga, jakinmu bai taɓa zubar da kaya ba."

"Jakinku yana tashi sama?"

Sai Akawu ya ce, "Oga, in ya ji yunwa yana tashi." A yi ta dariya.

Da yake can inda ake sauka babu injin ɗaga kaya, kowace tafiya ana ɗaukar biyu daga cikinmu. Yawanci ni da Akawu ake haɗawa, shi dogo ni kakkaura. Mu zauna a kujerun raga a jikin bango, auduga a kunne, ba mai jin maganar wani. Akawu ya ɓare gyaɗa ya miƙo mini. Ta ƙaramar taga ina ganin teku a hagu, daji kore shar a dama, ba gona ba hanya. Ni da na tashi inda ake hango mutum tun daga nesa, ban taɓa sanin akwai itatuwa da yawa haka a duniya ba.

In an sauka, sau da yawa ba a kashe injin. Iskar farfela tana dukan bayanka, zafi kamar bakin murhu, kana kwance igiya kana turo buhu. Sojojinmu su taho da gudu, wani ya rungume buhun gari kamar ɗan'uwansa. A dawowa mu ɗauko masu rauni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da mata da yara da ƙullin kayansu. Su ma sajan jera su yake yi a daɓe, manya a tsakiya, yara gaba, a ja bel a gabansu su riƙe. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna tun daga tashi har sauka, ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Wani lokaci kuma akwatuna ne dogaye, lulluɓe da tuta. Waɗannan sajan ba ya bari a yi musu ƙullin gida. Ƙullin aiki kawai, kuma ba a magana.

Ban taɓa yin aikin da na ji ni mutum ne kamar wannan ba. Matuƙan jirgi hafsoshi ne masu karatu, amma kafin su tashi sai babbansu ya leƙo baya ya ce, "Yaya kayana?" Mu ce, "Daram, Oga." Da maganarmu yake tashi.

A wata tafiya cikin damina, muna tsakar sauke kaya aka fara jefo bama-bamai kusa da filin. Igiyar da na ɗaure ta jiƙe, makullin ya cije, na yi ta fama da shi da farce da haƙori, ƙasa tana girgiza. Mun tashi lafiya, amma na kwana uku ina ganin igiyar nan a ido. Sati na zagayowa aka sake sa mu, ni da Akawu. Da na zo ɗaure farantin ƙarshe, na shinkafa, sai na ce a raina ba zan sake tsayawa ina cizon igiya ana harbi ba. Na bar ƙullin aiki, na yi na mahaifina shi kaɗai, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Ruwa ake yi, ana sauri, sajan ya taɓa jelar ya wuce. Akawu ya sa hannu.

Jaki ba ya karkarwa irin ta jirgi. Mun yi kamar awa ɗaya a sama muka shiga hadari, jirgi ya riƙa faɗawa yana tashi. Ina kallo kunnen zargen ya zame. Raga ta buɗe, buhuna suka gangara baya, jirgi ya ɗaga hanci, kowa ya yi salati da addu'a da yarensa. Buhu biyu suka danne ƙafar wani kofur, ta karye. Matuƙi ya yi abin da Allah ya ba shi iko, mu kuma da sajan da Akawu muka yi ta jan buhuna gaba da rarrafe. Ni na fara isa wurin igiyar. Na warware abin da ya rage na ƙullina, na sake ɗaurewa da ƙullin aiki. Kafin mu sauka, babu sauran alamar hannuna.

Da aka zauna bincike, takarda aka duba. Ƙullin gida ba ya cikin dokar ofis, sajan ma bai isa ya ambace shi ba. Sunan da ke takarda shi ne na Akawu. Aka tambaye shi, ya ce shi ya sa hannu. Aka tambaye ni, na ce ban lura ba. A lokacin matata ba ta yi arba'in da haihuwar 'yarmu ta fari ba. Aka ja wa sajan kunne, aka sallami Akawu. Ranar da zai tafi ya zo rumfa ya yi sallama da kowa. Ya ba ni hannu kamar yadda ya ba kowa. Na ƙara shekara uku a wurin, sannan na koma arewa na kama tuƙin mota.

Bara ne wani ya sa lambata a guruf na waya na tsofaffin 'yan rundunar. Sajan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Banufen nan yana nan, haƙoransa sun zube amma bakinsa bai mutu ba. Wani hafsa mai ritaya, cikin matuƙanmu na da, ya ce yana haɗa tarihin rundunar a littafi: tafiye-tafiyen da aka yi, jiragen da aka yi aiki da su, waɗanda suka rasu. Yana turo shafuka da Turanci, 'yata tana karanta mini bayan cin abinci tana juya mini da Hausa. Na ji daɗin waɗannan ranaku ƙwarai. Har mai shayin bayan waya ta samu layi ɗaya.

Sai ranar da ta karanto tafiyar damina. Littafin ya yaba wa matuƙi, kuma ya cancanta. Sannan ya ce kayan sun kwance ne saboda sakacin lebura, ya kawo sunan Akawu cikakke, ya ce an kore shi.

"Allah sarki," in ji 'yata. "Baba, kun san shi?"

Na ce na san shi.

Washegari bayan na kai yara makaranta, na tura wa hafsan saƙon murya, shi kaɗai. Na gaya masa ba haka aka yi ba. Ya amsa da yamma. Ya ce, "Mai Jaki, na ji ka. Amma abin da na rubuta daga fayil na ɗauko, ba zan canza fayil da saƙon murya ba. Ka rubuto yadda aka yi, ka sa hannu. Ko da Hausa ne, ni zan juya. Ƙarshen wata littafi zai tafi wurin bugawa. Kuma ka sani mutumin yana da rai, ɗansa ma ya nemi a aika musu kwafi."

Kwana ashirin da uku suka rage. In na yi shiru, jikokin Akawu za su buɗe littafi su ga kakansu ne ya kusa kashe mutane cike da jirgi.

A lokacin wata takwas ke nan da fara karatuna. Ina iya karanta allon tashar jirgin ƙasa, ina rubuta sunana da na kayan cefane. Ban taɓa haɗa layi uku nawa na kaina ba. Ranar Asabar na tsaya bayan sauran sun tafi, na gaya wa Malam ina da takardar da zan rubuta, mai nauyi.

Ya ce, "Baba, ai wannan ba matsala. Ku faɗa in buga muku a kwamfuta, minti goma an gama. Ku dai ku sa hannu."

Na ce, "Malam, wani ne ya riƙa rubutu a madadina har abin ya zama haka. Wannan karon hannuna zai yi."

Ya dube ni, bai tambayi ko mene ne ba. Ya ce, "Boleh, in ji mutanen garin nan, zai yiwu, Baba. To ga sharaɗi. Ku rubuta yadda za ku faɗa da baki. Kada ku nemo manyan kalmomi. In kun kakare, ku bar gurbi ku wuce, ranar Asabar mu cike."

Akwai wani shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, wanda a nan ake ce wa kedai na mamak, kusa da tashar Taman Melati, inda nake tsayawa bayan na kai yara. Nan na mayar ofis. Gurasarsu da ake ce wa roti ɗaya, shayi ɗaya, littafin rubutu na 'yan firamare da fensir. Mai shagon ya saba da ni, in ya ga na daɗe sai ya ce, "Uncle, exam ka?" Wato jarrabawa ce? In ce masa exam lah, jarrabawa ce mana. Rana ta farko layi biyu na yi, na goge ɗaya. Hannun da ya ɗaure mota a cikin jirgi, ga shi fensir yana sa shi gumi. Abin da na lura shi ne, wuraren daɗi suna saurin rubutuwa. Na cika shafi guda da sajan da gyaɗar Akawu da mai shayi. Da na iso farantin shinkafa sai na yi kwana huɗu ina karya fensir ina feƙewa.

Malam ya karanta shafin farko ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, labarin ya yi daɗi, amma har yanzu ba ku faɗi abin da ya kawo ku ba."

"Ina zuwa."

"Kwana tara ya rage fa. Jirgin nan naku ya daɗe yana zagaye, ku sauke shi."

Ranar Litinin na rubuta shi. Ni na ɗaure farantin ƙarshe. Na bar ƙullin da aka koya mana saboda tsoro. Na kwance shaidar da hannuna. An tambaye ni na ce ban lura ba. Wanda aka kora bai taɓa igiyar ba. Layi biyar ne, sun fi sauran duka gajarta. Malam ya gyara mini kalma shida a takardar gaba ɗaya, na sake kwafewa da biro a farar takarda, na sa sunana a ƙasa. Da ya gama karantawa, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ban iya ɗaukar hoton takarda ya fito sosai ba, dole 'yata. Na miƙa mata da safe kafin ta fita. Ta ɗora a tebur ta saita waya, sai na ga ta sauke wayar tana karantawa. Ta daɗe.

"Baba, jaririyar da kuka ce ba ta yi arba'in ba..."

"Ke ce."

Ta zauna. Can ta ce, "Da kun bari na rubuta muku, da na rage wasu wuraren."

"Shi ya sa ban ba ki ba."

Ta ɗauki hoton, ta tura. Ranar ta makara zuwa jami'a.

Hafsan ya amsa da cewa ya karɓa, zai cire sunan Akawu daga laifin, zai sa takardata a shafin da ke biye yadda take, da fassara a ƙasa. Ya tambaya ko in sakaya sunana. Na ce a bar shi. Na roƙe shi abu ɗaya, ya tura wa ɗan Akawu hoton kafin littafi ya fito.

Kwana biyu babu labari. A na uku, ina kedai, saƙon murya ya shigo daga baƙuwar lamba. Muryar ta tsufa, amma tun kalmar farko na gane ta.

"Mai Jaki. Ashe jaki yana shiga makaranta. Na ga takardarka. Wannan rubutu naka, ko kaza ta taka tawada ta fi ka tsari." Ya yi tari, ya yi dariya. Sannan muryar ta sauka. "Ka ɗauka ban gani ba? Ina bayanka lokacin da kake kwance zargen. Na yi shiru don na ɗauka kai za ka faɗa. Da ba ka faɗa ba, na ce to, mai jego ce a gidansa. Amma kada in yi maka ƙarya, na yi shekaru ina jin haushinka. Katako na koma sayarwa, ban mutu ba. Jiya ɗana ya karanta wa 'yan'uwansa takardar a gabana, sau biyu. Matata ta ce a gaishe ka, ta ce ka makara amma ka iso."

Na saurara sau uku. Na danna zan mayar masa da murya, na rasa ta inda zan fara, na ɗauke yatsana. Kafin in sake gwadawa wani saƙon ya shigo.

"Kuma kada ka turo mini murya. Shekara nawa ina maka rubutu kyauta? Yanzu kai za ka riƙa rubuto mini. Ka ba ni labarin garin nan da kake, me suke ci, ana ruwa kamar can? Kuma 'yar nan da aka kore ni saboda ita, me take karantawa?"

Na buɗe littafina a sabon shafi. Na fara da amsar tambayarsa ta ƙarshe, domin ita ce na fi sanin yadda zan rubuta. Mai shago ya zo ya ɗauke kofin da ya huce, ya kawo wani.